Zagaye Biyar a Jikin Biro

Jiya da la'asar biyu daga cikinku, ku matasa masu aikin waya, suka tsaya a ƙofar shagona suna musu kamar za su dambace. Sun ja wayar faiba, mai ɗaukar magana da haske, daga wani ofis zuwa ginin da ke bayansa, tazarar da ba ta kai a hau mata keke ba. Ɗaya na cewa sai an sa atinuweta, wato ɗan abin nan mai rage ƙarfin haske, ɗayan na cewa ɓata lokaci ne. Kowa ya zaro wayarsa yana nuna wa ɗan'uwansa abin da aka rubuta a ciki. Da suka gaji suka juyo kaina, suka ce, "Baba Habu, raba mu." Na ce, "Ina mitarku ta auna haske?" Suka ce tana gida. Na ce to su je su ɗauko, ni ba na raba gardamar mutanen da suka bar mita a gida. Suka tafi suna dariya, wai tsufa ya fara taɓa ni.

Ku kuna ganin aikin nan soka wannan a cikin wancan ne, fitila ta kawo kore, a tafi shan shayi. To ku zauna ku ji abin da ya sa nake ɗaure fuska idan an zo kan maganar nan.

Na shiga aikin tarho a farkon shekarun tamanin, a nan Haɗeja. Mahaifina makiyayi ne da ya gaji da yawo ya zauna a Malam Madori, ni kuma na gudu daga bin shanu na faɗa bin falwaya. Aka ba ni a hannun wani mutum, Oga Bitrus, mutumin Filato. Ya daɗe a garin nan har 'ya'yansa duka a nan aka haife su, matarsa Maman Rahila kuwa babu gidan biki ko gidan rasuwa da ba a ganin ta a unguwarsu. Dogo ne, marar yawan magana. Idan kana jiran ya zaunar da kai ya yi maka bayani, za ka tsufa kana jira. Da hannu yake koyarwa: ya yi kana kallo, ka yi yana kallo, idan ka ɓata ya warware ya miƙo maka ba tare da ya ce uffan ba.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: tsani, filaya, wuƙa, bel ɗin ɗaure ƙugu, da wata 'yar wayar gwaji da muke maƙalawa a layi mu saurara. Jakar Oga ta fata ce, ta yi baƙi saboda gumi, kuma ko da idonsa a rufe ya san inda kowane ƙarfe yake kwance a cikinta.

Aikin da na fara sanin ciwon sana'ar nan da shi, wani layi ne da ya miƙa wajen Kirikasamma. Damina ta yi nisa, fadama ta cika, turakun wayar suna tsaye a cikin ruwa har ƙugu. Muka ɗauki kwalekwale wajen wani masunci, muna bin turke ɗaya bayan ɗaya. A kowane turke Oga zai hau ya maƙala wayar gwaji, ya saurara, ya girgiza kai, mu ci gaba. A turke na goma sha wani abu ya samu mahaɗar da ta yi tsatsa. Ya kankare ta da wuƙa har jan ƙarfen ya yi ƙyalli, ya sake murɗawa, sannan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ji." Muryar da ɗazu take kamar daga cikin rijiya, yanzu ga ta tangaran. A nan ya yi mini doguwar maganar da ban sake jin irinta daga bakinsa ba sai bayan shekaru. Ya ce, "Habu, duk aikinmu ɗaya ne. Akwai abin da ke satar murya a hanya. Ka nemo shi ka cire."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Shekara goma sha biyar ina farautar abin da ke rage ƙarfi: tsatsa, danshi, reshen bishiya, sheƙar tsuntsu. A wajenmu ƙarfi bai taɓa yin yawa ba. Ko masu zuwa buga waya haka suka ɗauka. Akwai Hajiya Falmata mai bandar kifi, wadda idan tana magana da dilanta na Kudu sai an jiyo ta a bakin titi. Idan ka ce, "Hajiya, a hankali, yana jin ki," sai ta ce, "Kai ɗan nan, ka san nisan Anaca kuwa?"

A ƙarshen shekarun casa'in aka ce za a canja mana injuna. Aka tura ni da Oga kwas na 'yan makonni a Kano, a nan na fara ganin faiba. Zaren gilashi ne siriri kamar gashi, kuma irin wanda aka ba mu mai hanya ɗaya ne, wanda ramin da haske ke bi a tsakiyarsa ido ba ya iya gani. A wannan bakin akwai fitilar leza mai aika haske, a wancan bakin akwai ido mai karɓa. Malamin da ya koyar da mu kullum dokoki uku yake maimaitawa: kada ka leƙa bakin faiba da idonka, kada ka soka ba ka goge da sifirit ba, kada ka kuskura ka lanƙwasa ta sosai, don haske zai zube a lanƙwasar. Ya ambaci atinuweta sau ɗaya, ranar ƙarshe, ana ta haɗa jakunkuna. Na ji an ce abu ne mai rage haske, na yi dariya a raina, na ce wane mahaukaci ne zai sayi ɓarawo ya ajiye a layinsa. Oga kuwa ya rubuta a ɗan littafinsa.

A kwas ɗin nan na fi Oga sauri, kuma na san na fi shi. Idonsa ya fara rauni, sai ya ɗauki lokaci kafin ya daidaita zare a injin haɗi, ni kuwa nan da nan. Daga nan wani abu ya shiga kaina. Na fara yi masa kallon mutumin jan ƙarfe wanda zamani ya wuce, ina tausaya masa irin tausayin da ba a nema ba.

Aikinmu na farko da faiba gajere ne ƙwarai. Daga ɗakin injinmu zuwa ɗakin da ke gindin dogon ƙarfen nan mai faranti, wanda ke jefa maganar gari gaba ɗaya zuwa Kano, bai fi taku ɗari huɗu ba. Duk wayar da za ta fita daga Haɗeja sai ta bi ta wannan ɗan zare. Muka haƙa rami, muka binne, na yi haɗin da hannuna, aka kwashe tsohuwar wayar aka tafi da ita. Ranar da za a kunna ta faɗo daidai da sunan 'yata, na tafi Malam Madori. Oga shi kaɗai ya kunna. Da na dawo na tarar komai kore, na tambaye shi yadda aka ƙare, ya ce, "Lafiya lau." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Shekarar nan ce ruwa ya yi mana yawa. Kogi ya fasa ta inda ba ya fasawa, shinkafa ta nutse, mutanen ƙauyuka suka kwaso 'yan komatsansu suka cika makarantu. Oga ya ɗauki jakarsa ya shiga kwalekwale ya tafi ceton turakun wajen Kirikasamma, ya bar mini ɗakin inji. Bayan tafiyarsa da kwana biyu aka aiko cewa manya suna zuwa daga Kano duba sabon aiki.

Na tashi da safe na share ɗaki, na goge injuna, na shiga daidaita wayoyi. Da na zagaya bayan injin da ke karɓar haske, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. 'Yar igiyar faiba mai ruwan ɗorawa, wadda ke shiga idon kati, wato ɗan allon da ke cikin injin, an nannaɗe ta tam a jikin wani biro shuɗi, zagaye biyar, an ɗaure da baƙin tef. Na tsaya ina kallo. Na ce a raina, wayyo Oga, tsufa ya zo. Igiya ta yi masa tsawo, shi ne ya naɗe ta kamar zaren ɗinki, ya manta da dokar malam. Idan manya suka ga wannan, ai sai su ci masa mutunci a gabana.

Wallahi niyyata in rufa masa asiri ne. Na ɓare tef ɗin a hankali, na warware igiyar, na shimfiɗa ta da faɗin zagaye yadda aka koya mana. Na ɗauko mita na auna, na ga haske ya yi tsalle ya hau. Daɗi ya kama ni, na ce ga ɓarawo na kama. Ko takardar katin ban buɗe ba in ga iyakar hasken da idon zai iya ɗauka, don ban san ma akwai wata iyaka ta sama ba. Biron kuwa da sauran tawada a ciki, na soka shi a aljihun gaba. Manya suka zo, suka zagaya, suka yaba tsabtar ɗaki, suka sha lemo suka tafi.

Washegari maganar mutane ta fara yankewa. Hajiya Falmata ta fito daga ɗakin waya tana faɗa, wai an yanke ta sau uku. Me na yi? Abin da na iya. Na zare igiyar, na goge bakinta da sifirit har ta yi ƙal, na mayar, na ƙara wa idon hasken da ke kashe shi. A rana ta huɗu jar fitila ta kama, ta ƙi mutuwa. Garin Haɗeja ya yanke daga duniya, ga ruwa ya ƙarasa cinye hanya.

Oga ya dawo da hantsi, wandonsa jiƙe har gwiwa. Bai ajiye jaka ba ya zagaya bayan inji. Ya daɗe a tsaye a wurin. Da ya fito ya dube ni, idonsa ya sauka a ƙirjina ya ɗan tsaya, sannan ya zauna a kan benci ya ce, "Habu, ka san abin da ya kashe katin nan?"

Na ce, "A'a, Oga."

Ya ce, "Haske ne ya yi masa yawa. Fitilar da suka aiko mana ta doguwar tafiya ce, an yi ta don ta ratsa daji mai nisa ta isa a gajiye. Idon ma an yi shi ne don ganin haske ɗan kaɗan. Mu kuma muka ajiye su baki da baki. Kamar ka saki bakin famfon ban-ruwa a kan irin tattasai ne. Ranar da na kunna na auna, na ga ya wuce abin da takarda ta ce. Na buga waya sito na ce su aiko da atinuweta, suka ce babu, sai an yi oda. Shi ne na naɗe igiyar a jikin biro don hasken ya zube kaɗan, ina ƙara zagaye ina aunawa, har ya sauko daidai a na biyar."

Biron yana aljihuna, ina jin sa kamar garwashi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta." Ya ce, "Amin." Bai tambaye ni komai ba. Da na koma gida na jefa biron a ƙasan akwati, na danne da kaya.

Mako biyar muka yi babu waya, don irin katin nan sai daga Legas, ga hanya a yanke. A cikin makonnin nan akwai wani bawan Allah daga Birniwa da ya yi kwana uku yana zuwa. Mahaifinsu ne ke kwance rai a hannun Allah, yana ta kiran sunan ɗansa da ke aiki a Fatakwal. Mutumin zai zauna a dakalinmu tun safe, duk wanda ya fito ya miƙe ya ce, "Malam, ta dawo?" A rana ta uku wani ya zo a keke ya yi masa magana a kunne. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce mana, "Na gode, ku bar shi kawai." Daga baya na ji ɗan'uwan nasa bai iso ba sai bayan sadakar bakwai. Har yau idan na bi ta gaban dakalin nan ina kawar da kai.

Da ruwa ya janye aka turo kwamitin bincike, mutum uku. Suka zauna a ofishin manaja, aka kira Oga, aka kira ni. Shugabansu wani matashin injiniya ne mai tabarau. Ya ce, "Malam Bitrus, kai ka sa hannu a takardar kunna layin nan. Ka ga ƙarfin fitila, me ya sa ka haɗa babu atinuweta?"

Oga ya ce, "Na nema, ranka ya daɗe, aka ce babu."

"A rubuce?"

"A waya."

"To da aka ce babu sai ka haɗa haka nan?"

"A'a. Na naɗe igiyar a jikin biro, zagaye biyar, na auna ya yi daidai."

Ɗaya daga cikinsu ya tuntsure da dariya har da buga tebur. Shugaban ya ce, "Biro. To ina biron?"

"Ba ya wurin yanzu."

"Wa ya cire?"

Oga ya ce, "Ban ga wanda ya cire ba."

Sai shugaban ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam Habu, kai ke kula da ɗakin nan. Ka taɓa ganin wani biro a bayan inji?" Na tuna 'yata da ko zama ba ta fara ba, na tuna mahaifina da zai ce dama na gaya maka ka zauna wajen shanu. Na ce, "Ban lura ba, ranka ya daɗe."

Kalma uku, ban lura ba. Da su na kashe aikin mutumin da ya koya mini riƙe filaya. Aka rubuta cewa ya yi sakaci, ya kuma ƙirƙiro labari don ya kare kansa. Saura shekara biyu ya ajiye aiki a yi masa walima, sai aka sallame shi da takardar zargi. Sakacin bai dame shi ba kamar ɗayar kalmar. Mutumin da ya yi shekara talatin a garin nan ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya zama abin zolaya, har yaran ofis suna ce wa junansu, "A kawo biro a gyara."

Ranar da za su koma Filato, na ciro biron daga akwati na soka a aljihu, na ce yau zan faɗa ko me zai faru. Na tarar ana loda kaya a babbar mota, matan unguwa sun kewaye Maman Rahila ana ta koke-koke. Na kama ɗaukar kujeru, na kama ɗaure katifa, na yi komai ban da abin da ya kawo ni. Da direba ya tayar da mota, Oga ya yago gefen wani kwali ya ce, "Bari in rubuta maka kwatancen garinmu." Ya laluba aljihunsa, sannan ya miƙo hannu ya zare biron daga nawa. Ya juya shi, ya shafa danƙon tef ɗin da ya rage a jikinsa da babban yatsa. Ya rubuta kwatancen a tsanake, ya mayar mini da biron aljihu, ya danna shi da tafin hannu.

Na ce, "Oga..."

Ya ce, "Tun ranar da na dawo daga ruwa na gan shi a nan. Bari, Habu. Kai kana da goyo, ni nawa sun girma. Kuma da laifina, na yi dabara ban gaya maka ba." Ya taka ya hau mota, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka dinga aunawa. Ka duba ta ƙasa, ka duba ta sama."

To ga amsar gardamarku. Gajartar layi ba ita ke sa a sa atinuweta ba, ba kuma ita ke hanawa ba. Yawancin fitilun da kuke sokawa yanzu na gajeren zango ne, an yi su daidai da idonsu, ko taku goma ne tsakaninsu babu abin da zai faru, kuma idan ka cusa musu atinuweta kai ne ka zama ɓarawon. Amma idan fitilar doguwar tafiya ce ta faɗo hannunka, ka ajiye ta kusa da ido, za ta rikita shi, wata ma ta ƙona shi. Ka buɗe takardar katin. Akwai lamba ta ƙasa, akwai ta sama. Ka auna hasken a bakin da yake shiga ido, idan ya haura ta sama ka sa mai ragewa a nan wajen idon, ka sake aunawa. Kuma duk abin da ka tarar wani ya yi a bayan inji, komai muninsa, kada ka taɓa sai ka tambayi mai shi.

Na sha cewa zan rubuta wa ofis gaskiyar abin da ya faru. Bana na ce sai an tabbatar mini da ƙarin girma, baɗi na ce ai kwamitin ya watse. Shekara shida ina wannan, sannan na ɗauki guntun kwalin nan na hau mota. Garin yana kan dutse, ga sanyi. Na yi sallama a gidan da aka nuna mini, Maman Rahila ta fito, ta tsufa ƙwarai. Ta gane ni nan take, ta ce, "Habu! Ka makara, ɗana. Wata huɗu ke nan."

Ta kai ni bayan coci ta nuna mini kabarin. Muka dawo ta kawo mini ruwa, muka zauna a kan dutse a tsakar gida. Ta ce labarin takardar zargin ya riga su isowa garin, har aka ƙi ba shi riƙon mukullin coci da aka yi niyya. Ta ce bai taɓa ambaton sunan kowa ba, amma duk wanda ya zauna da shi sai ya ce masa, "Biron nan akwai shi." Har 'ya'yansa suka fara cewa Baba a bar maganar nan haka.

Sannan ta ce, "Ni ma, Allah ya gafarta mini, wani lokacin nakan yi shakka. Kai da kuka yi aiki tare, gaya mini tsakaninka da Allah. Da gaske akwai biron nan?"

Na sa hannu a aljihu na ciro shi, na ɗora mata a tafin hannu. Tawadar ta daɗe da bushewa, amma danƙon tef ɗin yana nan. Ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta ce, "A wajenka yake, Habu? Duk shekarun nan?"

Na ce, "A wajena yake, Mama."